Alƙaluman Tankokin Yaƙi A Wasannin Bidiyo: A Rarrabe Mana Tarihi Da Ƙirƙira

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da wasu za su ɗauka na yara ne, amma ni da nake koyar da tarihi a makarantar sakandare a nan Zariya ina ganin ya cancanci manya su sa masa ido. Maganar ita ce ta wasannin bidiyo na tankokin yaƙi, musamman World of Tanks na kamfanin Wargaming, wanda ya fito a 2010, da War Thunder na kamfanin Gaijin, wanda aka buɗe wa jama'a a 2012 kuma aka shigar da tankoki cikinsa a 2014. Dukansu biyu yanzu suna da irin wanda ake bugawa a wayar hannu, shi ya sa suka iso ga samarinmu na Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada, har da waɗanda ba su mallaki kwamfuta ba.

Ba na cikin masu neman a hana waɗannan wasanni. Na ga ɗaliban da a da ba su damu da darasin Yaƙin Duniya na Biyu ba sun zo suna tambayata inda Kursk take da abin da ya kai sojojin Jamus Tunusiya, kuma na san wasan ne ya sa musu wannan ƙishirwa. Abin da ya dame ni shi ne takardar bayanin da ke biye da kowace tanka a cikin wasan, inda ake jera kaurin sulkenta da faɗin bakin igwarta da ƙarfin injinta da gudunta da daƙiƙoƙin da ake ɗauka kafin a ɗura sabon harsashi. Ana rubuta waɗannan alƙaluma duka da rubutu iri ɗaya, a layi ɗaya, alhali wasunsu daga kundin tarihi aka ɗauko su, wasu kamfanin ne ya rage ko ya ƙara don wasa ya yi daɗi, wasu kuma hasashe ne tsagwaronsa. Babu wata alama da za ta nuna wa yaro wanne ne wanne, don haka sai ya haɗiye su gaba ɗaya a matsayin tarihi.

Na ga misalin wannan a wani shagon wasan kwamfuta da ke Samaru, inda na tarar da samari biyu suna gardama a kan ko igwar farko ta tankar T-34 ta Sobiyet tana iya huda gaban tankar Tiger ta Jamus. Ɗaya daga cikinsu ya buɗe wani sashe na wasan da ke nuna jikin tankar a tsaye, ya zaɓi harsashi da nisan harbi, yana yawo da linzamin kwamfuta a kan sulken, wani wuri ya yi ja, wani ya yi kore. Da ya juyo ya gan ni sai ya ce, "Malam, ga hujja nan, ai ba sauran magana." Yaron yana da basira, kuma a wannan gaɓar amsarsa ba ta yi nisa da gaskiya ba, domin igwar T-34 mai milimita 76 ta sha wahala da gaban Tiger a 1943. Sai dai abin da ya kira hujja lissafin ma'aikatan kamfani ne aka shafa masa launi, kuma idan suka sabunta wasan a wata mai zuwa, wurin da ya yi ja yana iya komawa kore ba tare da an tono ko takarda ɗaya sabuwa daga ma'ajiyar tarihi ba.

Adalci ne a fara da abin da suka yi daidai, domin yana da yawa. Tiger I ta Jamus, wadda ta shiga fagen fama a 1942, tana da igwa mai bakin milimita 88, da sulken gaba mai kaurin milimita 100, da nauyin da ya haura tan 55, da sojoji biyar a cikinta, kuma haka wasannin suke nuna ta. T-34 ta Tarayyar Sobiyet, wadda aka fara ƙerawa a 1940, sulken gabanta milimita 45 ne kawai, amma an kwantar da shi da digiri 60, ta yadda harsashin da ya zo a miƙe sai ya ratsa ƙarfen da ya kai milimita 90 kafin ya shiga ciki, idan ma bai zame ya tashi sama ba. Wannan hikima ta kwantar da sulke na sha wahalar bayyana ta a kan allo, amma yaron da ya buga wasan mako guda ya riga ya gane ta da idonsa. Irin waɗannan alƙaluma suna da sauƙin tabbatarwa saboda tankokin suna nan ana iya auna su. A gidan adana tankoki na Bovington da ke Ingila akwai Tiger mai lamba 131, wadda sojojin Birtaniya suka kama a Tunusiya a watan Afrilun 1943, kuma ita kaɗai ce irinta da har yanzu injinta ke tashi. A Kubinka kusa da Mosko ma akwai tarin tankokin Jamus da na Sobiyet.

Matsala tana farawa ne daga inda awo ya ƙare. Milimita 100 na ƙarfe ba abu ɗaya ba ne a ko'ina. Duk wanda ya taɓa ba da aikin ƙofar gida a wurin masu walda na Sabon Gari ya san cewa ƙofa biyu masu kaurin ƙarfe ɗaya suna iya bambanta nesa ba kusa ba, ɗaya ta shekara ashirin, ɗaya kuma ta fara rabuwa a mahaɗa tun damina ta biyu, gwargwadon ingancin ƙarfen da hannun wanda ya yi waldar. A ƙarshen yaƙin Jamus ta yi ƙarancin wasu ma'adanan da ake gauraya ƙarfen sulke da su, irin su molibdenam, har aka riƙa samun farantan sulke masu tsagewa ko da harsashi bai huda su ba. A ɓangaren Sobiyet kuwa, bayan da aka kwashe babbar masana'antar T-34 daga Kharkov zuwa Nizhny Tagil a ƙarshen 1941, ana ƙira ne cikin gaggawa da sababbin ma'aikata, don haka ingancin walda da na sauran kayan ciki ya riƙa bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta, daga wata zuwa wata. Wasan yana ba kowane ɗan wasa tanka cikakkiya kamar yadda injiniya ya zana ta a takarda, irin wadda sojoji da yawa ba su taɓa samun shiga ba.

Haka abin yake game da ƙarfin hudawar harsashi, wanda shi ne samarinmu suka fi haddacewa. Kowace ƙasa tana da tata hanyar gwaji a lokacin yaƙin. Jamusawa sun saba gwada harsasansu a kan farantin da aka karkata da digiri 30, kuma a irin wannan gwajin igwar Tiger tana huda kusan milimita 100 daga nisan mita 1,000. Wasu ƙasashen sukan ba da alƙaluman faranti tsayayye, kuma ba a haɗu a kan abin da za a kira hudawa ba: ko kan harsashi ya leƙa ta baya ya wadatar, ko sai yawancinsa ya wuce, kuma sau nawa cikin harbi nawa. Taurin farantan gwajin ma ba ɗaya ba ne. Saboda wannan ruɗani, a 2019 kamfanin Gaijin ya koma fitar da ƙarfin hudawa ta hanyar ƙa'idar lissafi, ana zuba nauyin harsashi da faɗinsa da gudunsa a samu amsa. Ban ga laifin wannan mataki ba, domin ya sa an auna kowa da mudu ɗaya, amma ya kamata ɗan wasa ya san cewa lambar da yake gani sakamakon lissafi ce, kuma tana iya saɓa wa abin da aka rubuta a rahoton gwaji na 1943 ko 1944.

Akwai kuma alƙaluman da ake taɓawa da gangan. Wasa ba ya tsayuwa idan tanka ɗaya ta gagari kowa, don haka ake rarraba tankoki mataki-mataki, ana haɗa kowace da tsararta a ƙarfi ko da ba su yi zamani ɗaya ba, har ka ga tankar 1944 tana fafatawa da wadda aka ƙera bayan yaƙi da shekara goma ko fiye. Saurin ɗura harsashi yana cikin abubuwan da ake ragewa ko ƙarawa don daidaita wasa. A World of Tanks kowace tanka tana da makin rai da ke raguwa da kowane harbi, abin da babu shi a duniya, domin tanka ta gaskiya tana iya shan harsashi goma ta ci gaba da tafiya, tana kuma iya ƙonewa da na farko idan ya samu ma'ajiyar harsasai. War Thunder ya fi kusa da gaskiya a nan tunda yana bin abin da harsashi ya lalata a ciki, inji ne ko igwa ko sojoji, amma shi ma yana gyara sarƙar da ta tsinke cikin daƙiƙoƙi, aikin da sojoji ke yi da guduma da gumi na tsawon lokaci. Kada kuma a manta cewa wasu tankokin sayar da su ake yi da kuɗi, kuma mai kaya ba ya son a ce hajarsa ba ta da ƙarfi.

Tankokin da ba su wuce gwaji ba ko ba su taɓa wanzuwa ba kuwa, maganarsu gajeriya ce. Maus ta Jamus mai nauyin tan 188 gangar jiki biyu kawai aka haɗa, ba a kuma ƙera ta da yawa ba. Wasu ba su wuce zane a takarda ba, wasu ma masu wasan ne suka harhaɗa su. Wargaming ya cire Waffenträger auf E 100 a 2016, Gaijin kuma ya janye Panther II da Tiger II mai igwar milimita 105 daga jerin da sababbin 'yan wasa ke iya samu a 2019, saboda ba a taɓa ƙera su a yadda wasan ya nuna su ba. Wannan ya nuna kamfanonin sun san bambancin, kuma suna iya bayyana shi idan sun ga dama.

Babban abin da nake so masu karatu su lura da shi shi ne, ko da kowace lamba ta yi daidai, takardar bayanin ba ta ɗauke da abubuwan da suka fi yanke hukunci a fagen fama. Tankar Panther ta Jamus tana da sulken gaba na milimita 80 a kwance da doguwar igwa mai milimita 75, kuma a wasa tana cikin abin tsoro. Amma lokacin da aka kai kimanin 200 daga cikinsu yaƙin Kursk a watan Yulin 1943, biyu sun kama wuta tun wajen sauke su daga jirgin ƙasa, kuma cikin 'yan kwanaki waɗanda ke iya fita ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, wasu nakiyoyi da harsasai suka tsayar da su, da yawa kuma injinsu ne ya gaza. Giyar da ke juya sarƙarta ta ci gaba da ba da matsala har ƙarshen yaƙi. Tiger tana ɗaukar fetur lita 540, amma ko a kan hanya mai kyau ba ta cika kilomita 200 da shi, wato da ƙyar za ta je Kaduna daga Zariya ta dawo. Kafin a ɗora ta a jirgin ƙasa sai an cire sarƙarta mai faɗi an sa mata siririya, ƙafafunta kuma a sarƙe suke da juna ta yadda gyaran na ciki yana bukatar a kwance na waje da dama, kuma idan ta lalace a daji akan haɗa manyan motocin ja har uku kafin a fitar da ita. Tankokin Jamus masu yawa sojojinsu ne suka fasa su da hannunsu lokacin ja da baya, saboda babu mai ko babu abin da zai ja su.

A gefe guda ga Sherman ta Amurka, wadda samarinmu ke rainawa saboda igwarta ta farko milimita 75 ce kuma sulkenta bai kai na Tiger ba. An tsara ta ne a nauyin kusan tan 30 domin dole ta hau jirgin ruwa ta ƙetare teku, ta bi gadojin da sojoji ke shimfiɗawa, kuma a iya gyara ta a inda babu masana'anta. An ƙera fiye da 49,000, alhali Tiger I ba ta kai 1,400 ba, T-34 kuma ta haura 50,000 a lokacin yaƙin kaɗai. Yawancin aikin tanka a wancan yaƙi ma ba karo da wata tanka ba ne, rufa wa sojojin ƙasa baya ne da fasa ramukan abokan gaba da wuraren da suka girke bindigogi, kuma a wannan aiki harsashin Sherman mai fashewa ya yi amfani ƙwarai. Wasan da ya jera tankoki 15 a nan da 15 a can, kowace da cikakken mai da lafiyayyen inji, a fili ƙarami, ya shafe duk abin da ya sa Sherman da T-34 suka yi rinjaye, ya bar abin da Tiger ta fi su kawai. Daga nan ne yaro ke fitowa da fahimtar cewa Jamus ta fi kowa iya ƙera makami kuma yawa ne kawai ya kayar da ita, alhali iya ƙera abin da za a samu da yawa, a kai shi inda ake so, a kuma gyara shi, shi ma gwaninta ce ta injiniya.

Sannan ga mutanen da ke ciki. A 1940 Faransa tana da tankoki irin su Char B1 da Somua S35 da suka fi yawancin na Jamus kaurin sulke, amma a cikin kan tankar mai juyawa, inda igwa take, mutum ɗaya ne, shi ne kwamanda, shi ne mai saiti, sau da yawa kuma shi ne mai ɗura harsashi, yayin da Jamusawa suka raba aikin kuma suka wadata tankokinsu da rediyo. Cikin kusan mako shida Faransa ta faɗi. T-34 ta farko ma mutum biyu ne a samanta, kwamanda na haɗa jagoranci da harbi, yawancinsu babu rediyo, kuma sai a 1944 da aka fito da T-34-85 aka samu wurin mutum uku. Ɗan wasa kuwa yana kallon tankarsa daga sama da baya, yana ganin fili duka, ga taswira a gefe tana nuna masa abokai da maƙiya, alhali direban gaskiya ta wata 'yar kafa yake leƙe, cikin ƙura da hayaƙi da ƙarar inji. Ba sai mun je Turai neman misali ba. A maƙwabciyarmu Chadi, a watan Janairun 1987, sojojin ƙasar a cikin motocin Toyota ɗauke da makaman MILAN masu fasa tanka sun tarwatsa rundunar Libiya mai tankokin T-55 a garin Fada, suka maimaita a Wadi Doum a watan Maris. Idan aka bi takardar bayani, motar a-kori-kura ba ta da abin cewa a gaban T-55.

Game da tankokin zamani kuwa, lamarin ya fi haka nauyi. Sulken Challenger 2 ta Birtaniya da Abrams ta Amurka da Leclerc ta Faransa haɗe-haɗe ne na ƙarfe da wasu abubuwa da gwamnatocinsu suka ɓoye, don haka duk lambar da wasa ya rubuta a kansu ƙiyasi ne. Gardama a kan wannan ƙiyasi ta sha kai mutane ga aikata abin da bai dace ba. A watan Yulin 2021 wani ɗan wasan War Thunder da ya ce shi kwamandan Challenger 2 ne ya saki shafuka daga littafin tankar na sirri don ya nuna an yi kuskure a sulkenta. A watan Oktoban shekarar aka sake yin haka da Leclerc a kan saurin juyawar kanta, a 2022 kuma aka saki bayanin wani harsashin tankar ƙasar Sin. Kamfanin ya riƙa goge su yana cewa ba ya aiki da takardun sirri. Ina ambaton wannan ne domin Zariya garin soja ce: ga makarantar horar da kurata da aka kafa tun 1924, ga makarantar sakandaren soja ta 1954, ga barikin Basawa, ga Jaji a kan hanyar Kaduna. Rundunar sojan Nijeriya tana da T-72 da VT-4 da Vickers Mk 3, kuma irinsu suna cikin wasan. Ina kira ga matasan sojoji da 'ya'yan bariki da kada son cin gardama ya sa wani ya ɗauki hoton littafin aiki ko cikin motar yaƙi ya watsa, domin akwai dokar sirrin gwamnati ta 1962, kuma akwai 'yan'uwanmu da ke cikin waɗannan motoci a fagen daga a Arewa maso Gabas.

Wani zai ce ai wasa ne, ba makaranta ba ce, kuma ba wanda ya yi alkawarin koyar da tarihi. Da na yarda da wannan da kamfanonin ba sa tallata kansu da cewa motocinsu na tarihi ne, an gina su bisa takardu da awon gidajen tarihi. Wanda ya ci riba da sunan gaskiya ya ɗauki nauyin faɗin inda ya kauce mata. Abin kuma ya fi shafar mu fiye da yaron Ingila ko Rasha, wanda zai iya zuwa gidan tarihi ya taɓa tankar da hannunsa, ko ya ɗauki littafi a harshensa ya gwada. Namu yaron sau da yawa wasan ne kaɗai malaminsa a wannan fanni. Yana iya lissafa maka kaurin sulken Tiger ta gaba da ta gefe, amma bai san cewa barikin Chindit da yake wucewa a cikin garin nan sunansa ya samo asali ne daga rundunar da sojojinmu suka yi yaƙi a cikinta a ƙasar Bama (Burma) a 1944 ba, ko cewa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta ratsa kwarin Kaladan na can ƙasar ne da kaya a ka da abincin da jiragen sama ke jefo mata, a dajin da mota ba ta shiga, balle tanka mai tan 55.

Don haka roƙona kashi biyu ne. Ga kamfanonin, abin da nake nema ba ya bukatar su ɓata wasansu: su sa wata 'yar alama a gefen kowace lamba da za ta nuna ko daga takardar tarihi take, ko an daidaita ta don wasa, ko ƙiyasi ce, su kuma rubuta a kan kowace tanka adadin da aka ƙera da shekarun da ta yi aiki, ko su faɗa a fili cewa ba ta wuce zane ba. Samarinmu da suka iya Turanci kuma suke hulɗa da waɗannan kamfanoni suna iya isar da wannan buƙata, tunda Gaijin yana karɓar gyara daga 'yan wasa idan sun kawo hujja daga takardun da ba na sirri ba. Ga wannan jarida kuwa, ina roƙon ka ware ko da rabin shafi ne a wata domin tarihin soja da Hausa, a gayyato malaman sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello da na makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna da tsofaffin sojojin rundunar sulke da suka yi horo a Bauchi, su bayyana mana yadda ake ciyar da tanka da mai da kayan gyara, da awa nawa bakanike ke kwashewa a ƙarƙashinta kafin ta yi tafiyar awa ɗaya. Idan aka buɗe wannan fili, ni da ɗalibaina a shirye muke mu riƙa aiko da tambayoyi.

Na gode da wannan dama da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Malamin tarihi,
Tudun Wada, Zariya.